Buhu 40 na bekin soda da gwajin kuloraid ya tsayar a sito

Mist Mag, farin maganin ruwan nan da ake girgizawa a sha idan ƙwannafi ya taso ko gyambon ciki ya motsa, sinadarai uku ne ke aiki a cikinsa: magnisiyom tirasiliket, magnisiyom kabonet, da sodiyom bayikabonet, wanda masu yin kek da cincin suka fi sani da bekin soda. A ƙa'idar kundin magunguna na Birtaniya, wanda ake kira BP a taƙaice, kowannensu kashi 5 ne cikin ɗari. Wanda ya sha mililita 10 ya haɗiyi miligiram 500 na bayikabonet ke nan.

Wata masana'antar magunguna a Kano, da ba zan kama sunanta ba, tana haɗa wannan magani. Da dala ta yi tashin gwauron zabi, kamfanin da ta saba saye a hannunsa ya ƙara kuɗi, sai sashen sayayya ya samo wani dila a Legas mai sauƙin farashi. Aka yi odar tan ɗaya, buhu 40 masu kilo 25. Kaya suka iso da takardar shaidar gwaji mai hatimi. Lambar rukuni ɗaya ce a kan takardar da jikin kowane buhu, an kuma rubuta cewa hodar ta cika sharuɗɗan BP. Mai kula da sito ya jera buhunan a kan katako a ɓangaren killacewa, ya manna musu takarda ruwan ɗorawa, alamar kada kowa ya taɓa sai ɗakin gwaji ya yi magana.

Ɗibar samfur yana da lissafinsa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, idan kaya iri ɗaya ne kuma daga hannun da aka sani suka fito, ana neman lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan buhunan, a ƙara mata ɗaya. Ga buhu 40 amsar ta faɗa kan 7. A ɗebo daga buhu bakwai ɗin, kowanne a kwalbarsa, a tabbatar da cewa abin da aka ce shi ne, sannan a gauraya su wuri ɗaya a yi cikakken gwaji a kan gaurayen. Jagorar tana da wani lissafi dabam ga kayan da ba a san asalinsu sosai ba, wanda ga buhu 40 zai kai samfur 10, kuma ba a gaurayawa, kowanne shi kaɗai ake gwada shi. Takardar aikin masana'antar lissafin farko kawai ta sani, don shekara da shekaru a hannu ɗaya ake saye. Da shi aka yi amfani.

Gwaje-gwajen farko duk sun tafi lafiya. Farar hoda ce tas, tana narkewa a ruwa ba laka. An ɗiga mata asid ta yi kumfa, an kai ta bakin wuta harshen ya koma ruwan ɗorawa, shaidar sodiyom. Ma'aunin pH, mai nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, bai haura 8.6 ba, wanda ke nuna ba ta fara rikiɗa zuwa kabonet ba. Gwajin ƙarfi, wato na yawan ainihin bayikabonet a cikin hodar, da BP ya ce ya tsaya tsakanin kashi 99 da 101, ya faɗa cikin iyaka. Da nan aka tsaya, da an manna koriyar takarda an wuce wurin.

Sai dai gwajin ƙarfi bai iya ganin abin da ake nema a mataki na gaba. Iyakar kuloraid, sinadarin da ke cikin gishirin miya, a wannan hoda ppm 150 ce, wato kashi 150 cikin miliyan, ko kashi 0.015 cikin ɗari. Iyakar salfet, wani sinadarin da ke iya gurɓata hodar, ma haka. Ko hodar ta ninka wannan sau goma, kashi 0.15 ne kacal, gwajin ƙarfi zai ba ta hanya ta wuce ba tare da ya ko ɗaga kai ba.

Ta inda gishiri ke shiga

Manyan hanyoyin samun bayikabonet biyu ne. Ta farko ita ce wadda Ernest Solvay, ɗan ƙasar Beljiyam, ya kafa a shekarun 1860. Ana ɗura amoniya a cikin ruwan gishiri mai kauri, a bi shi da iskar kabon dayoksaid. Bayikabonet ya kwanta a ƙasa, ruwan da ke kansa kuwa cike yake da amoniyom kuloraid da ragowar gishirin da bai shiga haɗin ba. Hodar a jiƙe take fitowa da wannan ruwa. Sai an tace, an wanke, an gasa ta koma tokar soda, an sake narkarwa, an sake ɗura mata iska ta fito a karo na biyu, kafin ta kai tsarkin da ake so. Hanya ta biyu haƙo dutsen tirona ne, irin wanda ake samu a Green River a jihar Wyoming ta Amurka da Tafkin Magadi a Kenya. Ɗan'uwan kanwarmu ne ta ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi, kuma sau da yawa da gishiri da sodiyom salfet yake fitowa a cakuɗe.

Ko ta wace hanya, kuloraid da salfet su ne sawun uwar da ta haifi hodar. Kowane wanki kuɗi ne, shi ya sa masana'anta ɗaya take fitar da daraja daban-daban: ta aikin masana'antu, wadda majemun zamani na Challawa da Sharaɗa ke zubawa a gangunan jima, ta abincin dabbobi, ta abinci, sai ta magani. A tafin hannu ba mai bambanta su.

Kwalba biyu da baƙin allo

Gwajin ba ya faɗin yawan kuloraid ɗin da ke cikin samfur. Tambaya ɗaya yake amsawa: ya wuce iyaka ko bai wuce ba. Idan naitiret na azurfa ya haɗu da kuloraid, ana samun kuloraid na azurfa, wanda ba ya narkewa a ruwa sai kimanin miligiram 2 a lita guda. In kuloraid ɗin da yawa ne, farin gudaji zai kwanta. In ɗan kaɗan ne, ba ya kwanciya, yana rataye ne a cikin ruwan ya ba shi wani hazo-hazo, kamar an ɗiga nono a kofin ruwa. Wannan hazon ake kwatantawa da na wata kwalba da aka san abin da ke cikinta.

Ga yadda BP ya tsara, kuma hanyar ɗaya ce da ta kundin Turai, don daga can yake ɗauko ta. A narka giram 5 na hodar a ruwan da aka kore wa iskar kabon, a cika shi mililita 100. A ɗebi mililita 7, a zuba masa mililita 2 na natirik asid, a cika da ruwa ya kai 15. A ƙara mililita 1 na natirik asid da aka tsarma, sannan a juye duka a zubi ɗaya cikin kwalbar gwaji da ke ɗauke da mililita 1 na ruwan naitiret na azurfa. Kwalbar ma'auni kuwa mililita 10 ce ta ruwan kuloraid mai ppm 5 da mililita 5 na ruwa, a bi da ita ta hanya ɗaya sak. A ajiye su minti 5 a inda haske bai kai ba, a fito da su a jera gaban baƙin allo, a duba ta gefe. Hazon samfur kada ya fi na ma'auni.

Lissafin mai sauƙi ne. Kwalbar ma'auni tana ɗauke da maikurogiram 50 na kuloraid (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Mililita 7 ɗin nan na samfur giram 0.35 ne na hoda. A raba 50 da 0.35, a samu kusan 143, wanda kundin ya rubuta a matsayin 150. A wasu makarantun haɗa magunguna ana koyar da tsarin kundin Indiya, mai amfani da silindar Nessler ta mililita 50, kundin Amurka kuma da tsarmammen haidurokulorik asid yake haɗa ma'auninsa. Kwanukan ne suka bambanta, dabarar ɗaya ce.

Kowane ɗan umarni a wannan tsari yana da dalili, kuma ɗalibai sun fi haddace umarnin su bar dalilin. Asid ɗin dole ne, don azurfa ba da kuloraid kaɗai take yin hazo ba, tana yi da kabonet da fosfet. A samfurin da shi kansa bayikabonet ne, in ba a kashe shi da asid ya fice a matsayin iska ba, kwalbar za ta yi fari fat ko babu ƙwayar gishiri a ciki. Sai kuma a jira kumfar ta gama fita, don ƙananan kumfa da suka maƙale a jikin gilas suna ruɗin ido. Duhun minti 5 kuwa saboda haske yana fasa kuloraid na azurfa ya koma toka-toka mai ratsin shuɗi, dabarar da tsohon hoton fim ya dogara a kanta. Zubi ɗaya da aka ce a yi shi ne ya fi ba mutane mamaki. Girman ƙwayoyin da ke fitowa ya danganta da saurin haɗuwar ruwan biyu, kuma nauyi ɗaya na kuloraid na azurfa yana iya yin hazo mai kauri ko mai shara-shara gwargwadon girman ƙwayarsa. Wanda ya juye kwalba ɗaya da sauri ya tsiyaya ɗayar a hankali, ba abu ɗaya ya kwatanta ba.

Wani matashi ne mai digirin kimiyyar sinadarai ya yi gwajin ran nan. Da ya fito da kwalaben daga cikin kabad, ta samfur ta ɗan fi ta ma'auni hazo. Ba fari fat ba, ɗan fifiko ne da sai an tsaya an duba. Ya kira shugabar ɗakin gwaji, wata ƙwararriyar mai haɗa magunguna da kowa ke kira Hajiya. Ta sa ya sauya wa kwalaben wuri a bayan idonta, ta duba ba tare da ta san wacce ce wacce ba, ta nuna ta samfur. Aka rubuta a littafi cewa kuloraid bai cika sharaɗi ba.

Gardamar da ta biyo baya

Manajan sarrafawa yana da oda a gabansa, an riga an wanke tankin haɗi, kwalabe na jira. Ya shigo da takardar dila a hannu. Maganarsa ba ta wauta ba ce, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, gishiri ne fa. Gishirin da muke zubawa a miya." Lissafi ma yana bayansa. A iyakar ppm 150, miligiram 500 na bayikabonet yana ɗauke da maikurogiram 75 na kuloraid. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wanda kuloraid ɗin cikinsa ya kai giram 3. Ko hodar ta ninka iyakarta sau ɗari, ba mai ciwon kai saboda ita. Ya nemi a sake gwajin, in ya wuce a saki kaya.

Hajiya ba ta musa masa lissafin ba. Ta ce masa, "Yallaɓai, ba gishirin nake tsoro ba. Takarda ta ce ƙasa da 150, kwalba ta ce sama. Ɗayansu bai faɗi gaskiya ba, in kuwa takardar ce, ban san me kuma ta ɓoye ba."

A ganina nan ne ainihin amfanin wannan gwaji yake, kuma nan aka fi kasa fahimtarsa. Kuloraid da salfet a irin wannan ma'auni ba guba ba ne, shaidu ne. Suna faɗin ko an wanke hodar yadda ya kamata, ko abin da ke cikin buhu shi ne wanda aka gwada aka rubuta wa takarda. Hodar da ba a damu da gishirinta ba, ba a damu da ƙarfen cikinta ko tsabtar injin da ya ɗura ta ba. Nijeriya ta ga ƙarshen amincewa da dila ba gwaji a 2008, lokacin da maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda aka haɗa da dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol, ya kashe yara aƙalla 84, wasunsu a Zariya. Gwajin kuloraid ba zai kama wannan guba ba, gwajinta dabam ne. Amma ƙofar da ta shigo ita ce dai wannan: ganga ta iso da suna a jikinta, aka yarda da sunan.

Batun a sake gwaji har a dace kuwa, an daɗe da yanke masa hukunci. A 1993, a shari'ar gwamnatin Amurka da kamfanin Barr Laboratories, Mai shari'a Alfred Wolin na kotun tarayya a New Jersey ya ƙi amincewa da al'adar maimaita gwaji har sai an samu sakamakon da ake so a watsar da na farko. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gina jagorarta ta 2006 a kan wannan, masu duba masana'antu a ko'ina kuma, har da na NAFDAC, abin da suke nema a littafin ɗakin gwaji ke nan: sakamakon da ya faɗi yana nan daram sai an nuna, da hujja a rubuce, cewa kuskuren ɗakin gwaji ne ya jawo shi.

An fara zargin gida

Bincike daga kan ɗakin gwajin ya fara, kuma akwai dalilin haka. Babu gwajin da ya kai na kuloraid saurin gurɓata, don kuloraid yana ko'ina: a ruwan famfo, a ruwan burtsatse, a fatar hannu. Ɗigon gumi ɗaya yana iya ɗaukar kuloraid kusan daidai da wanda ke cikin kwalbar ma'auni gaba ɗaya. A Kano, da bazara, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, wannan ba zancen littafi ba ne. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka cikin buɗaɗɗiyar kwalba ta yi nata hazon.

Ruwan aka fara dubawa. Na'urar auna wucewar lantarki ta nuna yana ƙasa da iyakar maikurosimin 5.1 da kundin Turai ya sa wa tataccen ruwa a zafin digiri 25. Aka haɗa kwalba ta uku, ruwa da asid da azurfa kawai ba samfur, ta fito garau. Dama ruwa ba shi ne babban abin zargi ba, domin kusan adadi ɗaya ne ke shiga kwalaben biyu, da shi ne mai laifi da duka biyun sun yi hazo tare. An kuma duba ranar da aka haɗa ruwan ma'auni. Wannan yana da muhimmanci ta ɗaya ɓangaren: in ma'aunin ya yi rauni, samfur mai kyau sai ya zama kamar ya faɗi. An tsarma shi ne a ranar daga babbar kwalba, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Babban abin zargi shi ne gwajin salfet, wanda matashin ya yi a kan tebur ɗaya a safiyar. Wannan gwaji a jiƙe yake da kuloraid daga farkonsa har ƙarshe. Ana zuba giram 1 na hodar a mililita 10 na ruwa, a riƙa ɗiga haidurokulorik asid har kumfa ta ƙare, a ƙara kamar mililita 1 a kai, a cika ya kai 15. A gefe guda a haɗa mililita 3 na bariyom kuloraid mai giram 250 a lita da mililita 4.5 na ruwan salfet mai ppm 10 da aka yi da barasar etanol, a girgiza, a bar shi minti 1. Daga wannan haɗi ake ɗibar mililita 2.5 a zuba wa samfur, da rabin mililita na asetik asid. Ma'auni mililita 15 ne na ruwan salfet mai ppm 10, maikurogiram 150 ke nan a kan giram 1 na hoda. Bayan minti 5 a kwatanta.

Mutum zai yi mamakin a ce ana neman salfet amma a fara da zuba salfet da gangan. Bariyom salfet yana da nawar fitowa in ya yi ƙaranci, yana iya zama a narke fiye da ƙima ya ƙi nuna kansa, ko ya fito a kwalba ɗaya ya makara a ɗayar. Ɗan salfet ɗin da aka fara haɗawa da bariyom yana haifar da ƙananan ƙwayoyi da sauran za su taru a kansu, etanol kuma yana rage narkewarsa, sai hazon ya fito da wuri kuma bai-ɗaya. Tunda adadi ɗaya ake zuba wa kwalaben biyu, ba ya karkata sakamako. Asid ɗin aikinsa irin na wancan gwajin ne, ya hana bariyom kabonet shiga hoto.

Gwajin salfet ɗin ya wuce ba gardama, hazon samfur bai ko kusanci na ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko wani abu ya tsallaka daga kayansa zuwa na kuloraid. Ɗigo ɗaya na haidurokulorik asid mai ƙarfi yana ɗauke da kimanin miligiram 20 na kuloraid, ninki 400 na abin da ke kwalbar ma'auni. Fifet, wato bututun gilas na ɗibar ruwa, da aka ɗauraye sama-sama ya isa ya kayar da hoda mai kyau. Littafin aiki ya nuna na kuloraid aka fara yi, kafin a buɗe kwalbar asid ɗin, kuma kayan gilas ɗinsa a kwando dabam suke. Duk da haka Hajiya ta rubuta tsarin maimaitawa tun kafin a taɓa komai: wata ma'aikaciya dabam, sababbin kwalabe da aka jiƙa a tsarmammen natirik asid aka ɗauraye, safar hannu, a wani ɗaki da ba a ajiye haidurokulorik asid, daga gaurayen samfurin nan dai. Sakamako bai sauya ba. Samfur ya ɗan fi ma'auni hazo.

Buhu-buhu

Da laifi ya fita daga kan ɗakin gwaji, sai aka koma kan ragowar samfura bakwai da aka ajiye kowanne a kwalbarsa. Biyar sun fito kusan garau, hazonsu can ƙasa da ma'auni. Biyu sun yi fari har ba a buƙatar baƙin allo. Aka tsarma ruwansu ninki biyu, suka fi ma'auni. Aka tsarma ninki huɗu, har yanzu suna gaba da shi kaɗan. Ma'ana kuloraid ɗinsu ya haura ppm 600. Wannan ba adadi ba ne da za a rubuta a takardar sakamako, gwajin iyaka ba a yi shi don aunawa ba, amma ya isa ya nuna ba hoda ɗaya ba ce a cikin buhunan.

Lissafin da ya biyo baya shi ya fi tayar wa Hajiya hankali. A ƙaddara buhu mai kyau yana da ppm 50, marar kyau 700. Biyu marasa kyau da biyar masu kyau in an gauraya suna ba da kusan 236, gwaji ya kama. Da ɗaya ne kawai ya faɗo cikin bakwai ɗin, gaurayen zai tsaya kusan 143, daidai bakin iyaka, inda ido zai ce hazon bai fi na ma'auni ba. Da an saki kayan da sa hannun kowa, kuma ba wanda za a ce ya karya ƙa'idar da ke rubuce. Gauraya samfur tana aiki ne in an riga an tabbata kayan iri ɗaya ne, wanda shi ne abin da ba a tabbatar ba game da sabon dila.

Aka koma sito aka duba buhu 40 ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka faɗi, da wasu 'yan'uwansu, ɗinkin bakinsu da wani zare ne dabam, irin na keken ɗinkin buhu na hannu, ledar ciki kuma ƙulle ta aka yi maimakon a liƙe da zafi. Mai sito ya ƙirga buhuna ya duba lamba, bai duba ɗinki ba, ba a kuma taɓa ce masa ya duba ba. Gwajin kowane buhu ya bi sawun zaren: duk mai baƙon ɗinki ya faɗi kuloraid, sauran sun wuce. Salfet bai kama ko ɗaya ba, har marasa kyan. Da salfet kaɗai kundin ya ce a gwada, da ba a ga komai ba, a wata hodar kuma da ta fito daga dutse akasin haka na iya faruwa, shi ya sa ake yin su biyun.

Da aka aika wa dila hotuna da kwafin sakamako, ya ce wasu buhuna ne suka fashe a tashar jirgin ruwa, yaransa suka cike gurbin daga wani kaya da ke sitonsu, suka zuba a ragowar buhunan kamfanin. Bai ga abin tashin hankali a ciki ba, a wurinsa bekin soda bekin soda ne, majema da masu gidan burodi da yake sayar wa ba su taɓa kawo ƙara ba.

Manajan sarrafawa ya kawo shawarar a ware masu kyan a yi aiki da su, a mayar da sauran. Ta fuskar sinadari shawarar tana da ƙafa, tunda an gwada su ɗaya-ɗaya sun wuce. Sashen tabbatar da inganci ya ƙi, ni ma ina ganin daidai ya yi. Lambar rukuni alkawari ce cewa duk abin da ke ƙarƙashinta daga tukunya ɗaya ya fito, takardar shaida kuma a kan wannan alkawari take tsaye. Da ya karye, ba sauran hanyar danganta ko da buhu ɗaya da masana'antar da aka ce ta yi shi. Aka manna wa duka 40 jar takarda, aka shafa wa tambarin BP da ke jikinsu fenti kafin a loda su, don kada su sake ɓullowa a ƙofar wata masana'antar da takardar nan dai. Haɗin Mist Mag ya jira har kaya suka zo daga tsohon kamfanin, a farashinsa.

An gyara takardar aiki a wurare uku. Kayan sabon dila yanzu ana ɗiba daga kowane buhu, a kuma yi cikakken gwaji ɗaya-ɗaya bisa lissafi na biyu na jagorar, har sai an je an ga sitonsa an amince da shi. An ƙara duba ɗinki da ledar ciki a takardar karɓar kaya. Kayan gilas na gwajin kuloraid kuma an ba su kabad nasu da alama, ba sa haɗuwa da na salfet ko a wurin wanki. Ruwan da ya rage daga gwaje-gwajen biyu dama ba a zuba shi a kwata, na azurfa da jarkarsa, na bariyom da tasa, domin bariyom kuloraid guba ne, saɓanin bariyom salfet da ake ba majiyyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa.

An kuma tattauna sayen na'ura. Akwai mai auna hazo da haske, wadda ke cire bambancin idon wannan da na wancan. Akwai ayon kuromatogirafi, da Hamish Small da abokan aikinsa suka fito da ita a kamfanin Dow a 1975, wadda ke ba da adadin kuloraid da salfet a allura ɗaya. Kuɗinta, da ruwa mai tsananin tsarki da take sha, da wutar da ba ta yankewa, da injiniyan da sai an kira shi daga Legas, sun sa aka jingine maganar zuwa kasafin wata shekara. Mai auna hazon aka sa a jerin sayayya, da sharaɗin sai an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da hanyar kundin an rubuta sakamako kafin a dogara da ita.